Sitiyarin Motar Mahaifina

Shekara goma sha ɗaya motar mahaifina ta yi a ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidanmu na Kazaure, tun ranar da ya dawo daga Roni da zazzaɓin da ya zama ajalinsa. Fara ce, ƙirar Faransa, irin wadda ma'aikata suka yi yayi a da. Malamin dabbobi ne, da ita ya zagaye rugage da kasuwannin Roni da Gwiwa da Babura yana yi wa shanu allura. Bayan rasuwarsa babu wanda ya ce a sayar, babu kuma wanda ya ce a gyara. Tayoyin suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai.

Ni ne babba a 'ya'yansa, malamin makaranta ne, ban san komai a kan ƙarfe ba. Wata damina iska ta yaye kwanon rumfar, na je duba ɓarnar, sai na ja ƙofar direba ta buɗe. Na shiga na zauna. Har lokacin akwai ɗan warin maganin dabbobi a cikin kujerun. Na fi rabin awa a zaune riƙe da sitiyarin, da na fito kuwa ban zame ko'ina ba sai garejin wani dattijon bakanike, wanda shi ne yake duba motar tun Baba yana da rai.

Injin bai ba shi wahala ba. Cikin 'yan makonni ya tashe shi, har mahaifiyarmu ta fito bakin ƙofa da ta ji ƙarar, ta tsaya jim, ta koma ɗaki. Amma da bakaniken ya ɗaga gaban motar ya girgiza taya da hannu biyu, sai ya yi tsaki. Ya kwanto wani dogon ƙarfe mai haƙora da suke kira rak, wanda shi ne yake juya tayoyin gaba idan an murɗa sitiyari. Ya nuna mini haƙoran, duk sun cinye.

"Malam, injin nan zai iya kai ka Legas," in ji shi. "Amma da wannan ƙarfen ba zan bar ka ka kai ko bakin dam ɗin garin nan ba."

Ya ce walda ba ta gyara shi, sai dai a nemo wani. Na ɗauka aikin kwana biyu ne.

Kano na fara zuwa da tsohon rak ɗin a buhu. Samarin da ke shagunan kayan gyara suka riƙa juya shi suna tambayata na wace mota ne. Ɗaya ya ba ni wani sabo fil yana ƙyalli, ya rantse shi ne. Da na kawo Kazaure bakaniken ya kara shi a jikin motar, ramukan noti ba su hau ba, dole na mayar. Daga nan aka ba ni labarin wata irinta a bayan tashar Roni. Na je na tarar da gangar jikin kawai, 'yan gwangwan sun riga sun kwashe duk abin da ke ƙasa.

A Gwiwa na sami wadda take aiki har yanzu, ana jigilar gero da ita, amma mai ita ya ce shi ma lallaɓa nasa yake yi. Ina tsaye a bakin kara, wato kasuwar shanu, ina jiran motar komawa, wani dattijon Bafulatani ya yi ta kallona. Can ya matso ya yi sallama, ya tambaye ni ko ni ɗan malamin allurar shanu ne na Kazaure, mai farar mota. Na ce ni ne. Ya yi murna, ya ba ni labarin shekarar da ciwo ya shiga garkensu, Baba ya zo cikin taɓo motar ta kafe, ya bar ta ya ƙarasa rugarsu da ƙafa. Sannan ya ce in gaishe shi da kyau. Sun daɗe a kudu, bai ji ba. Da na faɗa masa, ya jingina sandarsa ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ni kuma na ji kamar a ranar aka yi rasuwar.

Wani ɗan kasuwar hatsi a Babura, mai shiga Nijar kowane mako, ya yi mini alkawarin zai cigita a can, domin irin motar ta fi daɗewa a hannunsu. Ya cigita bai samu ba. Amma shi ne ya tuna da wani tsohon direba a Kanya Babba, wanda ya daɗe yana jigilar fasinja tsakanin Babura da Kano kafin idonsa ya mutu. Ya ce motarsa irin tamu ce, tana nan a gidansa, sai dai ba ya sayar da ko noti ɗaya.

Haka kuwa na tarar. Motar tana tsakar gida a kan duwatsu, an lulluɓe ta da tabarmi. Tsohon yana zaune kusa da ita a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo mini fura, sannan ya ce in yi haƙuri, mutane da yawa sun zo kafin ni. Na koma karo na biyu, muka yi hirar hanyoyin da, lokacin da babu kwalta, amma amsar ba ta sauya ba.

A zuwa na uku ban yi niyyar roƙo ba. Na dai taho da tsohon rak ɗin, domin daga nan zan wuce Babura in bar wa ɗan kasuwar ya tafi da shi Nijar ko a dace. Tsohon ya ji ƙarar ƙarfe da na ajiye buhun, ya ce in miƙo masa. Ya ɗora shi a cinya, ya riƙa bin haƙoran da yatsa ɗaya bayan ɗaya, daga wannan kai zuwa wancan.

"Wanda ya tuƙa wannan ba mai fizgar sitiyari ba ne," ya ce. "Duba, babu haƙorin da ya karye. Cinyewa suka yi a hankali. Mahaifin naka mutum ne mai haƙuri, ko ba haka ba, ɗana?"

Na ce haka ne, Baba.

Daga baya ya ce in turo bakanikena ya kwance nasa rak ɗin, domin motarsa ba za ta ƙara hawa titi ba, ya sani. Na fara maganar abin da zan ba shi, ya katse ni. Abu ɗaya yake so, idan an gama gyara in kawo masa motar ya ji kukanta.

Wata Asabar da hantsi na kai masa ita. Tun ban kashe injin ba ya fito yana laluben bango. Ya zagaya ta yana shafa jikinta, sannan ya buɗe ƙofar gaba da kansa ya shiga, ya ce mu ɗauki hanyar Babura. Muna tafe yana faɗa mini kwanar da ke gaba tun kafin in gan ta, da inda tsohuwar hanya ta ratse, da inda suke tsayawa su zuba wa inji ruwa. Wasu wuraren an gine su, amma ban gaya masa ba. A wani wuri ya miƙo hannunsa ya ɗora a gefen sitiyarin, ya ce na cika damƙe shi, in sassauta, motar ta san hanyarta. Na sassauta, ya bar hannunsa a wurin har muka shiga Babura.

Bayan na mayar da shi gida, na kamo hanyar Kazaure ni kaɗai. Na tsaya a Achilafiya na yi la'asar, amma da na dawo mota sai na zauna ban tayar da ita nan take ba. Abin da ya faɗo mini shi ne wani hutun makaranta da Baba ya ce in zo ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo. Na ce sai wani hutun, abokaina suna jirana. Ya ce to, Allah Ya kai mu. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. A Kano na koyi tuƙi daga baya, a hannun wani da ko fuskarsa ba na tunawa.

Yanzu motar tana aiki lafiya. Ba na zuwa makaranta da ita, na fi fito da ita ranar Juma'a, ko in za a kai mahaifiyarmu gaisuwa Roni. Kanya Babba kuwa ina leƙawa duk bayan wata biyu ko uku. Tsohon ya daina iya doguwar tafiya, don haka nakan tsaya a ƙofar gida in bar injin a kunne, shi kuma a shimfiɗa masa buzu a inuwa ya zauna yana saurare, har sai ya ɗaga hannu ya ce ya isa.