Waƙar Kawu da Gara ta Cinye

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na sa hannu a rumbunmu na tarar gara ta cinye waƙar kawuna ba.

Kawu makaho ne, tare muke zaune a Tajaye. Ya tsara doguwar waƙa a kan yunwar da aka yi yana saurayi, ya jera sunayen duk waɗanda ta ɗauke a garinmu, gida-gida. Da ciwo ya kwantar da shi, ni da na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, na kwana tara ina rubuta ta, ina sa shi ya maimaita kowane baiti don kada in tsallake mutum ɗaya. Da muka gama ya ce, "Ɗana, kada ka bari su mutu sau biyu."

Ni kuwa fargaba ta yi mini yawa. Ina tsoron yara, ina tsoron ruwa, ina tsoron masu aro. Sai na naɗe takardun a tsumma, na tura can ƙasan rumbu, ban gaya wa kowa ba. Fari ya zo, hatsi ya ƙare, na tsallaka Najeriya neman abinci. Bayan shekara biyu na dawo, Kawu ya rasu, a cikin tsumman kuma babu komai sai ƙasa.

Kwana uku na kasa cin tuwo. Inna ta gaji ta ce, "Kai, tashi! Takarda ta yi waƙar ko bakin mutum? Tafi Dogarawa wajen yata, ta sha jin ta a bakinsa."

Na hau jaki. Na sami tsohuwar tana daka, ta rera mini baiti goma sha ɗaya taɓarya ba ta tsaya ba. Ta tura ni ga wani mai gyaran rijiya, shi kuma ya tura ni Bazaga ga wani mai amalanke. Inda baki biyu suka saɓa, ba na yarda sai na ji na uku. Mai amalanken ya yi dariya ya ce, "Ɗan lakwal, waƙa kake biɗa ko shari'a?"

Wata huɗu ina yawo. Na haɗa ta, ban da sunayen gida biyu, kuma har yau suna damuna.

'Ya'yana duka da baki na koya musu ita, kuma duk wanda ya roƙa ina rera masa. Na gane shekaru ba sa iya wa waƙa komai muddin tana bakin mutane. Ɓoyon da na yi mata ne ya kusa kashe ta.