Yadda Hauwa Ta Riga Ni Isa Daga Helsinki

Tun farko in faɗa, wawan labarin nan ni ne.

'Yata Hauwa nas ce a Helsinki, can ƙasar Turawa. An kira ta intabiyun aiki a wani babban birni wai shi Reykjavik, ta ce ba za ta shiga ba sai ta ga fuskata a waya na sa mata albarka. Wayata mai tocila ce, don haka sai gidan yayanta Nasiru a unguwar Gudu, cikin babban birnin ƙasa. Nasiru ya ce mu kwana can. Uwarsu Hajiya Talatu ta tafi tun Lahadi, ni na ƙi. Na tambayi nisan Helsinki da Reykjavik, aka ce ya haura kilomita dubu biyu. Daga Orozo inda nake zaune zuwa Gudu kuwa talatin da 'yan kai. Aji huɗu na yi a firamare, amma wannan lissafi bai fi ƙarfina ba. Na ce ko rarrafe zan yi sai na riga ta.

Orozo, shida saura kwata. Daidai lokacin da jirginta zai ɗaga na hau bas. Direba ya ce saura mutum biyu. Mutum biyun nan sai bakwai saura suka samu, ɗayansu da buhun doya a cinya.

Karu, bakwai da rabi. Na sauka shan shayi, don mai tazara irin tawa ba ya gaggawa. Na zauna ina bayyana wa jama'a cewa jirgi ma yana tsayawa a sama ya huta. Mai shayi ya ce, "Baba, ka taɓa hawa ne?" Na ce ya ƙaro sukari.

Nyanya, tara saura. Nan na ga abin da ake kira hanya a babban birnin ƙasa. Motoci sun jeru, mai gyaɗa da ƙafa ta wuce mu sau uku. Na ce wa kwandasta, "Yaushe za mu motsa?" Ya ce, "Oga, wanda ka gani a gabanmu ma ya ci abincin safe a nan." A shingen bincike kuma aka sauke mu duka saboda buhun wani. Goma da kwata wayata ta fara ƙara, Nasiru ne. Ban ɗauka ba.

Gudu, sha ɗaya da minti ashirin. Na shiga da sallama ina gyara hula. Nasiru ya ce Hauwa ta sauka tun kafin goma, ta kira sau uku, ta jira har aka kira sunanta. Uwarta ce ta yi mata addu'a, Hauwa ta shiga intabiyun tana share ido.

Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na yi gyaran murya na ce, "To, ba komai, a kira ta yanzu. Ai albarka ba ta lalacewa."

Hajiya ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Adana ta, Malam. Ranar da za ta yi ritaya sai ka ba ta."