Iya Hajo ta Furana, Wadda Ba Ta Bar Matta Ta Yi Shiru Ba

Idan aka idar da sallar asuba a Furana ta ƙasar Ikara, hayaƙin da ke fara tashi a unguwarsu na murhun Iya Hajo ne. Ba ta yarda jika ko suruka ta dama mata kunu. Ita za ta hura wutarta, ta tace gyaɗarta, ta dama, ta ɗiga ruwan tsamiya daidai yadda harshenta ya saba. In ta sha, sai ta haɗiyi ƙwayar hawan jini da bisimilla, ta ɗauki sandarta ta taka har bakin fadama ta dawo, tana gaisawa da masu tafiya gonar rake. Hantsi na ɗagawa za ka same ta a gindin darbejiyar tsakar gida, ƙafa a miƙe, ƙyallaye zube a gabanta, tana ɗinki tana rera waƙa ƙasa-ƙasa.

Haka aka san ta shekara da shekaru. Bana ne ta ajiye allura, domin ido ya yi rauni, zare ya daina shiga kafarta. Shi ya sa ya dace a faɗi alherinta yanzu, tana raye, kunnenta na ji.

Mijinta, marigayi Malam Iliyasu, tela ne. Tun tana amarya take tsince guntayen yadin da almakashi ya bari a ƙarƙashin keke. Sai ta jera su, ta haɗa wannan da wancan, ta shimfiɗa tsohon zane a tsakiya, ta bi da ɗinkin hannu layi-layi har ya zama bargo mai kauri. Waɗanda Malam ya koya wa ɗinki sun zama masu shagon kansu a Ikara da Makarfi, amma har bara suna aiko mata da ƙyallaye cikin buhu. Da wuya ka shiga ɗakin mai jego a Furana ka rasa bargonta a jikin jariri. Ita ce kuma gwanar kiɗan ƙwarya a zamaninta. Ba a yin suna ko biki a ce an gama sai ta kife ƙwarya ta ba da waƙa mata sun amsa. Da Malam ya rasu ta fita takaba, sai ta ɗora ƙwaryar a kan ragaya ta ce ta bar wa yara, abin da ya rage mata carbi ne.

Duk wannan mutanen gari sun sani. Abin da ya sa ake wannan rubutu shi ne zamanta da Matta.

Danga ɗaya ce ta raba gidan Iya Hajo da na Matta. Shekara ɗaya aka kawo su aure garin, turmi ɗaya suka yi ta daka a ciki, kowace ta riƙe wa 'yar'uwarta goyo. Matta Kirista ce, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'arsu, ga murya kamar a ji ta daga ƙauyen Saulawa. Kakar wata shekara tana shanya tattasai a bayan gida, sai ta yanke jiki ta faɗi. Aka kai ta asibiti Ikara, daga can aka wuce da ita Zariya. Rai ya yi saura, amma ta dawo ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Tana ji, tana gane kowa, amma in ta buɗe baki sai wani gurnani ya fito wanda ita kanta take jin kunyarsa.

Da farko gida ya cika da masu dubiya. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkarsa. Aka bar Matta da 'yarta Philomena, wadda ta baro gidan mijinta a Makarfi ta zo jinya. Likita ya hana gishiri. Matta ta juya fuska ga bango, ta ƙi abinci.

Wata safiya Philomena ta leƙo ta kan danga, ido ya kumbura.

"Iya, Mama ta ƙi cin komai. Ko ruwa sai na yi da gaske. Ni dai ina ganin so take ta tafi."

Iya Hajo ta juya ta shiga madafa. Ta ɗora tukunya, ta yi faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, ta wadata shi da daddawa da albasa, gishiri kuwa ko ƙwaya. Ta ɗauka da kanta ta shiga ɗakin.

"Matta, na zo. Tashi ki ci."

Matta ta sa hannun hagu ta ture kwanon. Fate ya malale a ƙasa. Philomena ta fashe da kuka. Iya Hajo ta durƙusa da gwiwoyinta na tsufa ta kwashe, ta goge wurin tas, sannan ta zauna a bakin gado.

"Kin zubar da naki, kin zubar da nawa," in ji ta, "don ban sa komai a cikina ba na taho. Gobe ma da yunwata zan zo."

Washegari ta dawo da kwano ɗaya, cokali biyu. Ta ajiye a tsakaninsu ta naɗe hannu. Rana ta ɗaga, fate ya huce, ba wadda ta taɓa. Can Matta ta juyo ta dubi ƙawarta, ta ga leɓenta ya bushe. Hawaye ya zubo mata. Ta miƙa hannun hagu ta ɗauki cokali.

A cikin kwanakin nan ne Jamila, ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa auna jinin Matta, ta gama aikinta ta juyo.

"Iya, kawo hannunki ke ma."

"Ni lafiyata ƙalau, 'yar nan. Ko ciwon kai ba na yi."

"Haka Mama Matta take cewa kafin ta faɗi. Kawo dai."

Da ta auna sai fuskarta ta canja. "Iya, naki ma ya hau ƙwarai. Abin da ya kayar da ƙawarki yana biye da ke."

Iya Hajo ta saurare ta da kyau. Ba ta yi gardama ba, ba ta ce jifa ba ne ko iska, kamar yadda wasu ke raɗawa game da ciwon Matta. Ta karɓi magani, ta tambayi abin da za ta ci da abin da za ta bari. Daga ranar ta rage gishiri da dunƙulen kanti a tukunyar gidanta gaba ɗaya. Jikoki suka yi ƙorafi, ta toshe kunne. Ta zauna ta koyi yadda citta da tafarnuwa da tsamiya da daddawa mai kyau za su ɗauki miya har mutum ya manta ba a sa gishiri ba. Yau matan unguwar wurinta suke zuwa tambaya in an hana mazajensu gishiri.

Jamila ta kuma ce hannun da ya shanye yana son motsi, in an bar shi zai ƙage. Sai Iya Hajo ta kwashe buhun ƙyallayenta ta mayar ɗakin Matta. Ta ɗora mata hannun dama a kan yadi ta ce, "Danne min nan, kada ya zame." Da farko hannun yakan sulale ya faɗi. Ta ɗauko ta mayar. Ya faɗi, ta mayar. Bayan wani lokaci yatsu suka fara kama ƙyalle, har Matta ta koma ita ke zaɓen launi, in Iya Hajo ta haɗa ja da ruwan hoda ta harare ta ta girgiza kai.

Amma baki shiru. Damina ta zo ta wuce, Matta ba ta furta kalma ɗaya ba.

Akwai wata waƙar daka da su biyun suka ƙaga tun suna amare, ɗaya ta bayar ɗaya ta amsa. Wata rana da la'asar, Iya Hajo na ɗinki, hankalinta ya yi nisa, sai waƙar ta kuɓuce mata:

"Turmi ya yi kira, ina mai taya ni?"

Ta yi shiru a wurin amshi, don sabo. Sai ta ji murya a gefenta, a shaƙe, a karkace, amma kalma kalma:

"Ga ni nan, ƙawa, ga ni nan."

Allura ta faɗi daga hannunta. Ta dubi Matta, Matta ta dube ta, ita ma a tsorace. Iya Hajo ta sake bayarwa:

"Rana ta yi tsaka, ina mai taya ni?"

"Ga ni nan, ƙawa, ga ni nan."

Philomena da ke wanki a tsakar gida ta shigo da gudu, kumfa a hannu. "Mama! Mama, yi magana!" Matta ta buɗe baki, maganar ta ƙi. A waƙa kaɗai take fita. Da aka gaya wa Jamila, ta ce ana samun haka ga wasu masu irin wannan ciwo, su ci gaba, kada su gaji.

Ranar Iya Hajo ta sa aka sauko mata da ƙwaryar da ta yi shekaru a kan ragaya. Ta wanke ta, ta kife. Ta riƙa sa wa maganar yau da kullum amo: ruwa nake so, sanyi nake ji, ina kwana. Ta buga, ta rera, Matta ta bi. Maƙwabta suka fara jin kiɗa daga gidan majinyaciya, ƙananan maganganu suka tashi. Babban ɗanta Sama'ila ya same ta, ya durƙusa.

"Iya, mutane na magana. Wai tsohuwa kamarki, ƙafa ɗaya a kabari, ta koma kiɗan ƙwarya. Ke da bakinki kika ce kin bari."

"Na ce na bari, Sama'ila. Na bari don biki. Wannan ba biki ba ne. Ranar da aka haife ka nonona bai zo da wuri ba. Matta ce ta yi ta zirga-zirga a kaina da kunun kanwa har ya zo. Yau bakinta ya tafi, na ga hanyar da yake bi ya dawo, sai in toshe ta don tsoron bakin mutane? Sallata ba ta wuce ni, carbina na nan. In na yi kuskure, Allah Ya ga niyyata."

Sama'ila ya sunkuyar da kai. Bai sake tayar da maganar ba.

Iya Hajo ta lura kuma akwai waƙoƙin da ran Matta ke nema waɗanda ba nata ba ne ta rera. Ta ɗauki sanda ta je har gidan shugabar zumuntar mata, suka gaisa, ta ce, "Wadda ta yi shekaru tana ba ku waƙa tana kwance. Ni na yi nawa, amma naku ban iya ba, kuma ba hurumina ba ne. Ku zo ku yi mata." Suka ji nauyi, suka fara zuwa duk mako. In sun zo, Iya Hajo takan koma gidanta ta ba su wuri, sai sun tafi ta dawo da abinci.

Daga waƙa magana ta fara tsattsafowa, guntu-guntu. Philomena ta ce ba za ta manta da wata safiya ba, tana gyara wa uwarta zane, ta ji an ce, "Filo." Ba a waƙa ba, a magana. "Filo... sannu." Ta ce ta fi shekara rabon da ta ji sunanta a bakin uwarta, har ta cire rai.

Matta ba ta warke sarai ba. Hannun bai koma riƙe taɓarya ba, maganar ma a hankali take fita, wata kalmar ta ɓace mata sai an taya ta nema. Amma ta yi shekaru bayan haka tana zama a ƙofar ɗaki, tana tsawata wa jikoki, tana sa albarka. Da ajali ya zo, daminar bara waccan, ta tara 'ya'yanta ta yi musu wasiyya da bakinta, ta yafe wa kowa, ta nemi a yafe mata. Iya Hajo ta zauna a gidan makokin har aka watse, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Surukarta ta ce sai da Iya ta koma ɗaki ta ɗauko kwano za ta zuba abinci, hannunta ya ɗauko cokali biyu, sannan ta zauna ta yi mai isarta.

Tun daga nan, in wani ya faɗi da irin wannan ciwo a Furana ko ƙauyukan kusa, akan zo a ɗauke ta a babur. Abu na farko da take tambaya shi ne ko an kai shi asibiti, ko yana shan maganinsa. Sannan ta shiga madafa ta nuna wa matan gida girki, ta tambayi waƙar da majinyacin ya fi so tun yana yaro. Wasu sun samu sauƙi, wasu Allah bai nufa ba. Ba ta taɓa cewa ita mai magani ce ba.

Iya Hajo, ke ce maƙwabciyar da ake roƙon Allah Ya ba mutum. Ke ce kika zauna da yunwa don wata ta ci. Kin ɗauki maganar mutane a kanki, ba ki ɗauki alhakin barin ƙawarki ba. Uwar marasa baki, mai haɗa abin da aka zubar ya zama sutura. Mun gode. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya haskaka idonki, Ya sa ki gama da duniya lafiya, Ya saka miki da abin da bakinmu ba zai iya biya ba.

Mu kuma da muka rage, kusan kowace unguwa akwai wani ɗaki a ƙurya da aka kwantar da wani, aka yi masa dubiyar mako guda aka manta. Ba sai mun iya kiɗa ko ɗinki ba. Mu auna jininmu, mu kai iyayenmu a auna nasu, mu kuma koma wa ɗakunan nan bayan kowa ya daina zuwa.

Da aka gaya wa Iya Hajo za a rubuta labarinta mutane su karanta, sai ta ce, "To, in har za a karanta, ku sa wannan. Akwai wani dattijo a Saulawa, Lado, ya faɗi tun kafin girbi. An ce min yana kwance, ba mai zama wurinsa sai matarsa, ita ma ta gaji. Ni gwiwata ba ta hawa babur yanzu. Wanda ya karanta, in yana kusa, ya je."