Zanen Makarar Mimi Wastinih

Kowace safiya bayan sallar asuba, Mimi Wastinih takan shimfiɗa tabarma a barandarta, ta ajiye shayin da ba za ta tuna da shi ba sai ya huce, ta ɗora guntun icce a cinya. Kafin motocin kasuwar birnin Cirebon su fara wucewa, goshi ya fito a jikin iccen, hanci ya tsaya. Tun rasuwar mijinta, ita kaɗai ta rage a ƙauyenmu mai sassaƙa 'yan tsanar wasan kakanni. Na asalin, magada sun sayar wa dillalan kayan tarihi tun ina goye. Daga ƙwaƙwalwarta take dawo mana da fuskokinsu, kuma ba ta taɓa ce wa sabo tsoho ba.

Sharaɗinta ɗaya ne: ba ta yi musu sutura sai da tsohon batik, wato yadin gargajiyarmu na zanen hannu, irin na zamaninsu. A da, mata kan kawo mata zannuwan iyayensu da suka tsufa, ta yanke inda ya rage da ƙwari. Yanzu babu. Masu babur sun bi gida-gida suna karɓar zanen kaka su ba da bokitin roba, mu kuma har da yi musu godiya.

Bana dagacinmu, Pak Kuwu, ya tuna cewa ba a buɗe wasan bikin girbi sai da 'yar tsanar Uwar Shinkafa, tamu kuwa ta daɗe da bin dillalai. Maƙwabciyarta Yayu Darsem tana wurin lokacin da ya zo da ƙunshi.

"Mimi, ga yadi na kawo, dubi walƙiya!"

Mimi ta shafa shi da yatsa, domin yanar ido ta riga ta rufe mata ido ɗaya. "Pak Kuwu, laima za ka ɗinka ko ledar kifi?"

"Haba Mimi, daga nesa wa zai gane?"

"Ni. Ɗauke abinka, ka dawo ranar Juma'a."

Yana fita ta buɗe akwati, ta ciro shuɗin zanen mahaifiyarta mai zanen gizagizai, wanda ta ajiye don a lulluɓe makararta da shi kamar yadda muka gada.

Darsem ta riƙe mata hannu. "Mimi, in kin yanka wannan, da me za mu rufe ki?"

"Ke Darsem, ran nan ai ba ni zan ji kunya ba. Miƙo almakashi."

An yi biki. Uwar Shinkafa ta fito cikin shuɗi, tsofaffi suka share hawaye. A jawabi an gode wa kwamiti, an gode wa kamfanin tabar da ya kafa rumfa, an gode wa mai lasifika. Mimi tana can baya a kan dutse, da shinkafarta a ganye. Ba wanda ya ambaci sunanta.

Ke ce, Mimi, kika riƙe mana abin da muka yi gwanjonsa. Uwar masu fuskar icce! Ke ce kika tuɓe wa gawarki sutura tun kina raye, don kada ƙauye ya tsaya tsirara ranar bikinsa. Tun bayan bikin kin ajiye wuƙar sassaƙa saboda ido ya gaza, zare ma ya daina shiga miki allura, kuma babu ko mutum ɗaya da ya zauna ya koya. Mun gode, duk da godiyar ta zo a makare. Allah ya saka miki.

Ku kuma sa'o'ina masu kukan al'ada a cikin waya, tabarmarta tana nan, yatsunta ba su makance ba. Ku je ku zauna tun tana iya kama muku hannu. Wanda yake da sauran zanen kaka a akwati, ya kori mai babur, ya kai mata. In ba haka ba, wata rana za mu ɗauke ta a ƙarƙashin yadin Pak Kuwu mai walƙiya, kuma ta riga ta gaya mana masu jin kunyar.