Kular Kunun Mai Jego

Mun ɗan wuce Mai'adua na lura kular da ke kan cinyata ba ta da ɗumi ko kaɗan. Da babur ya faɗa rami kuma, sai na ji wani abu yana kacau-kacau a ciki.

Yayana ne ke tuƙi. Shi ya riƙe ni da Inna tun rasuwar Baba, shi ya tsaya mini har na gama sakandare a Daura. Cewa ya yi matar abokinsa ta haihu a Kongolam, can bakin iyaka, in raka shi kai kunu, tunda namiji ba ya shiga ɗakin mai jego.

Na ce, "Yaya, wannan kunun naka da tsakuwa aka dama shi?"

Ya yi dariya. "Auta, ke dai riƙe da kyau. Wa zai buɗe abincin mai jego a hannun mai hijabi?"

A nan na gane. Ina son Yaya, ban iya kallon idonsa in ce a'a ba. Haka muka yi ta zuwa, mai jegon nan ba ta gama wanka ba har damina ta wuce.

Ranar da aka tare mu a shinge, wata jami'a ce ta buɗe kular. Ƙwayoyi ne cike. Na rantse mata ban taɓa sha ba, ban taɓa sayar da ko ɗaya ba.

Ta ce, "Kin san abin da ke ciki?"

Na ce na sani.

"To 'yata, a doka mai ɗauka ma mai laifi ne."

Na yi watanni a gidan yari. Har yau in na ji babur ya tsaya ƙofar gida, sai in leƙa in ga ko ni aka zo kamawa. 'Yan'uwana, ku da nake ƙauna, kada ku riƙe wa kowa abin da ya hana ku buɗewa, ko da wanda ya goya ku ne.

A kotu Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ja ta. Yarinya ce mai jin maganata." Aka yanke masa shekaru. Da alƙali ya zo kaina, kunnuwana suka toshe, ban ji komai ba, ashe zaman da na riga na yi aka lissafa mini. Ina tsaye ina jiran a mayar da ni mota, sai gandirobar da ke tsarona ta taɓa kafaɗata.

"Ke auta, me kike jira? An sallame ki. Ga Innarki can ta kasa tashi, je ki ɗaga ta."