Ashe Ina da Shanu Ban Sani Ba

Jiya ina cinikin albasa a kasuwar Maigatari, sai wani dattijon Bafulatani ya sha gabana.

"Malama nas, ba ki gane ni ba? Ni ne mijin Hanne, wadda maciji ya sara. Kwana tara kina wanke mata ƙafa da hannunki."

Wallahi na manta da ita. An yi shekara bakwai.

"Ranar da ta taka ƙafar nan na ware miki karsana," in ji shi. "Ta haihu, 'yarta ma ta haihu. Yaushe za ki zo ruga ki ga shanunki?"

Na ajiye albasar da ke hannuna. Ni da ko kaza ban taɓa kiwatawa ba!

Jama'a, ku faɗa min, wane albashi ne ya kai wannan?