Feda uku da tsohon Tsibiri

Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka yi yawa a ƙasar nan har mutum ba ya iya riƙe sunayensu, muna da wata 'yar ƙungiyar kiɗa a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ni ne mawaƙi, ba don muryata ta fi ta kowa ba, sai don ni kaɗai ne ba na jin kunyar mikoro. Makarantu a rufe suke, yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai, jibi duka biyun. Albashin iyayenmu sai an manta da shi yake zuwa. Abin da ke tafiya kawai shi ne mitin ɗin siyasa, kuma kowane mitin yana son kiɗa. Saboda haka duk jam'iyyar da ta kira mu, tamu ce har zuwa la'asar.

Mai kaɗa mana gita abokina ne tun lakwal, wato makarantar boko. Mutum ne shiru-shiru, hannunsa ya fi bakinsa magana. Ban da gita yana taɓa gyaran inji, kuma ta nan ne ya san wani Bature da ke aiki a furojen noman rani na Jiratawa. Da Baturen ya tashi komawa gida, sai ya bar masa kaset ɗaya da wasu ƙananan akwatunan ƙarfe guda uku, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ana haɗa su da wayar gita, a aje a ƙasa, a taka da ƙafa, sai sautin ya canja. Feda ake ce musu, kamar ta keke.

Ranar da ya kunna mana kaset ɗin, na saurara kaɗan na ce masa rediyo ta tauna zaren. Gita ce ke ta zuba kamar ruwan sama a kan kwano, can a ƙarƙashi kuma wata murya tana waƙa, ba ka jin ko kalma ɗaya. Ya ce a'a, haka masu kiɗan suka so. Na ce to Allah ya ba su lafiya.

Daga ranar zauren gidansu ya zama wurin gwaji. Duk wanda tsautsayi ya kai shi bayan azahar, ko gaisuwa ya zo yi, sai ya zauna an nuna masa. Abokina zai kaɗa waya ɗaya ya ce, "Saurara, wannan babu komi." Sai ya taka ta farko, sautin ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, har ya ɓace. Ita muka sa wa suna Rijiya. Ta biyu kuwa Injin Niƙa, don in ya taka ta kajin gidan watsewa suke yi. Ta uku tana sa sauti ya yi ta lilo, muka ce mata Jiri. In ya gama nuna su ɗai-ɗai sai ya tattake su gaba ɗaya, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa, ya manta akwai mutane. Da darajar kuɗin sefa ta faɗi, pil, wato batir, ya yi tsada, na ga ranar da ya haƙura da karin kumallo don Rijiya ta samu nata.

Mu dai a wurin mitin mun hana shi. Ɗan takara sunansa yake son ji, da na ubansa, da na kakansa, raɗau. Ba wanda zai ɗauki makaɗa su zo su binne masa suna a cikin ƙugi.

A duk unguwar mutum ɗaya ce ba ta kai ƙararsa ba. Wata yarinya ce daga garin Tsibiri, tana zaune wajen gwaggonta don karatu, katangarsu ɗaya da gidan su abokina. Da yake babu karatun, sai taya gwaggo suyar ƙuli-ƙuli. Wata rana sun haɗu a ƙofar gida ta ce masa, "Wannan mai yi kamar cikin rijiya, don mi kake saurin kashe ta?" Da ya zo yana ba ni labari, sau uku yana maimaita maganar. Na san an gama da shi.

Magana ta yi nisa har manyansa suka je Tsibiri. Mahaifin yarinyar manomin hatsi ne, dattijo mai magana ɗaya. Ya karɓe su da mutunci, ya ba su fura, sannan ya ce ya ji labarin yaron makaɗi ne, shi kuwa ba ya ba makaɗi ɗiyarsa. Yarinyar ta yi kuka, gwaggo ta je ta dawo, ta sake komawa. A ƙarshe tsohon ya sassauta da abu ɗaya. Ya ce zai zo da kansa inda yaron ke kiɗa ya gani da idonsa, abin da ya gani shi zai yanke. Muna da mitin a Jiratawa a satin, yarinyar ta aika masa da ranar.

Nan na shigo da wayona. Na zaunar da abokina na ce masa ni na gane tsohon nan, talauci yake tsoro. Yana ganin makaɗi ba zai iya riƙe mace ba. To mu nuna masa kiɗa na da samu. Na ara masa shadda wajen yayana. Na je wurin wani ɗan kasuwa da ke son waƙata, na roƙe shi in kiɗa ya yi daɗi ya hau ya yi wa mai gita liƙi, ba ni ba, kuma ya yi shi a fili yadda kowa zai gani. Sannan na ce wa abokina, "Ka ɗaga kai, ka yi murmushi, ka bi ɗan takara da gita har gabanshi. Fedojin nan kuwa ka bar su gida."

Ya ce wayar gitarsa gajera ce, ba ta kai wa ampili, akwatin ƙara sauti, sai ta bi ta cikinsu. "Ba ni taka su," in ji shi. "Su dai zauna." Na yarda, don a lokacin ina ganin na iya tsara duniya.

An yi mitin ɗin da hantsi a wani fili kusa da gonakin rani. An kafa rumfa, an jera manya a kujeru, mu kuma aka ɗora mu a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da aka sauke wa gefe. Jama'a ta cika, mata da tutoci, samari a kan itace. Muka fara lafiya lau. Ina kiran sunan ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, ana guɗa, abokina yana kaɗawa tsaf, kansa a sama kamar yadda muka yi. Murmushin ne dai ya yi kama da na mai ciwon haƙori, amma na ce ba laifi.

Sai ga tsohon. Ni na zaci can baya zai tsaya ya leƙa. Ina! Ratso mutane ya yi da sandarsa da malafarsa, ya zo gaban kamiyon daf, ya tsaya saitin abokina, ya dogara sanda, ya zuba masa ido.

To kun san yadda abin yake a wurinmu. Wanda kake neman ɗiyarsa, ko a hanya ka hango shi sakin hanyar kake yi. In ta kama dole sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, idonka a ƙasa. Ga abokina a tsaye bisa mota, sama da kan mutumin, da gita a wuya, babu inda zai gudu. Ina gani kansa ya fara sauka, ya sauka, har haɓarsa ta taɓa shaddar yayana. Kuma da idonsa ya isa ƙasa, abin da ya tarar a wurin su ne fedoji uku.

Daga baya ya rantse mini bai san lokacin da ƙafarsa ta tafi ba. Rijiya ya fara takawa. Na kira sunan ɗan takara, gita ta amsa ta amsa ta amsa. Na harare shi, bai gan ni ba. Sai Jiri. Sai Injin Niƙa. Filin nan gaba ɗaya ya cika da wani ƙugi mai kauri, ba ka jin ganga, ba ka jin guɗa. Ni kuwa ina ta ihu a mikoro, ina jero kakannin mutum, jijiyar wuyana a tashe, ko ni ba na jin kaina. Mata suka daina rawa. Wata tsohuwa ta toshe kunne tana salati. Wani daga cikin manya ya aika a duba gurup, injin ba da lantarki, wai ko shi ne zai kama wuta.

A haka ɗan kasuwar nan, mutumin kirki mai cika alkawari, ya hau kamiyo da takardun kuɗi na jika-jika a hannu. Ya nemi goshin da zai manna wa bai samu ba, don goshin ƙasa yake kallo. Ya ɗora a kan hula, ta faɗo. Ya sake ɗorawa, ta sake faɗowa. Kuɗin suka zube a kan takalman abokina, iska tana ja, shi kuwa sai ma ya sa gefen ƙafa ya ture wata takarda da ta rufe masa Rijiya. Ni ne na duƙa ina tsincewa da hannu ɗaya, mikoro a ɗayan.

Ba a bari mun ƙarasa ba. Aka zare mana waya, mai shirya taron ya ce jam'iyyar adawa ce ta turo mu. Daga ranar ba su sake kiranmu ba, kuma labari ya riga mu isa Maraɗi.

Muna naɗe wayoyi sai aka ce tsohon yana kira. Yana zaune a gindin wata bishiyar bedi. Abokina ya tuɓe takalmi tun daga nesa, muka durƙusa. Tsohon ya nuna ni da sanda.

"Wanga shi na maroƙi," in ji shi. "Na ga idonshi, inda kuɗi sunka yi nan yaka yi."

Na ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Baba."

Ya juya ga abokina. "Kai kuwa anka ce mani makaɗi ne kai. Ƙarya anka yi maka. Ni na ga makaɗa tun ina yaro, gaban sarki da gaban attajiri. Abin ga da kay yi ba kiɗi ba ne. Babu mai ba ka ko dala saboda shi, wanda anka ba ka ma ba ka duba ba. Kuma tun da nit tsaya ba ka ɗaga ido ka dube ni ba. Mi kaka yi in ba wannan ƙara ba?"

Abokina ya ce, da muryar da sai ka kasa kunne, yana gyaran inji.

"To ka riƙe inji. Ka ce ma manyanka su komo."

Ashe tun farko ba talauci ne ya dame shi ba. Roƙo ne ba ya so a haɗa da zuri'arsa, ni kuwa na kwashe sati ina shirya yadda za a nuna masa roƙo a fili.

A hanyar komawa muna bayan kamiyo, sauran abokanmu suna ta zaginsa kan ya kashe mana kasuwa, ni ina taya shi murna. Ya rungume jakar fedojinsa har muka shigo gari. Sannan ya ce mini, "Wai ba kiɗi ba ne." Yana murmushi, amma na san shi tun lakwal, maganar ta shige shi. An ba shi matar da yake so, kuma an ba shi ita ne don an tabbata abin da ya fi ƙauna a duniya ba komai ba ne. Ban taɓa ganin mutum yana farin ciki da jin ciwo a lokaci guda kamar ranar ba.

An yi auren bayan kaka. Ƙungiyarmu ba ta daɗe ba, da sojoji suka dawo mitin ya ɗauke, kowa ya kama gabansa. Ni na koma sayar da kayan mashin. Shi ya zauna a Jiratawa yana gyaran injinan ban ruwa, ya haifi 'ya'ya, gita ta koma bayan gado. In na tuna abin yanzu ba na jin haushin kowa. Tsohon ya duba da kyau, abin da ya gani kuma gaskiya ne, mutumin ba maroƙi ba ne. Abin da ya ji ne bai gane ba, kuma a nan ba shi kaɗai ba ne, har da ni da na zauna a zauren nan kullum. Abin da na koya kawai shi ne na rage tsara wa mutane rayuwa.

Bara ɗana ya nuna mini wani bidiyo a waya. Wani Bature ne zaune, ba a ganin ko fuskarsa, sai ƙafarsa da fedoji a jere. Ya kaɗa waya ɗaya babu komai, sannan ya taka, ya sake kaɗawa. Daidai yadda ake yi mana a zaure. Ɗana ya ce irin kiɗan har suna gare shi, wai masu kallon takalmi ake ce wa masu yinsa, don kansu kullum a ƙasa yake wajen feda. Ya nuna mini wani kuma, fili cike da mutane, makaɗa a sunkuye, ƙugi yana tashi, babu wanda ya toshe kunne.

Na hau mashin na tafi Jiratawa. Na same shi a tsakar gida ya baje wani inji, matarsa tana gyaran zogale, tsohon kuwa, da yanzu yake zaune a wurinsu tun da ƙafa ta ƙi, yana kishingiɗe a ɗaki ƙofa a buɗe. Na miƙa masa wayar. Ya goge hannu ya karɓa. Ya kalli na farko har ƙarshe, ya kalli na biyu. Na lura babban yatsan ƙafarsa yana danna ƙasa a hankali.

Da ya ƙare ya miƙo mini wayar. Sannan ya ce, "Ashe kiɗi ne."

Matarsa ba ta ko ɗago daga tiren zogale ba. Ta ce, "Ni ai na sani tun ta katanga. Ku dai rage murya, kar Baba shi ji shi ce a maido mashi ɗiyarshi."